Tiredin Fulogi Ya Cinye a Kan Inji: A Gyara Ko A Sauya?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da Toyota Corolla mai injin 1ZZ. An je canza mata fulogi, sai na silinda ta uku ya ƙi ɗauruwa, yana ta juyawa a banza. Wani bakanike ya ce sai an sauke kan injin an kai wa masu aikin ƙarfe su sa masa bushi, wani ya ce zai gyara a jikin motar ba tare da an sauke komai ba, na ukun kuma ya ce in sayi wani kan kawai in huta. Wanne zan bi?"

Malam, kan injinka bai mutu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ka yi gaggawar sayen wani ba. Ramin fulogin da tiredinsa, wato haƙoran da ake murɗa fulogin a kansu, ya cinye abu ne da ake gyarawa, kuma idan aikin ya yi kyau sabon tiredin yakan fi na asali ƙarko, domin na asalin a jikin alminiyam aka yanka shi, na gyaran kuwa ƙarfe ne. Shawarata ita ce a sa bushin ƙarfe na kamfani, wato ɗan bututu mai tiredi ciki da waje, wanda aka ƙera musamman don ramin fulogi, mai tsawo daidai da fulogin motarka. Ko za a sauke kan ko ba za a sauke ba, wannan ya dogara ne da yawan tiredin da ya rage a ramin da kuma irin kayan aikin da ke hannun wanda zai yi.

Kafin a kai ga wannan, ka ajiye motar, kada ka ce bari ka lallaɓa da ita zuwa ƙarshen wata. Idan fetur ya kama wuta a cikin silinda kana taka mota sosai, matsin da ke ciki yana iya kaiwa bar 50 ko fiye a ma'aunin matsi, alhali tayar motar bar 2 da 'yan kai take ɗauka. A kan fulogi mai kaurin milimita 14, wannan matsi daidai yake da a ce kusan kilo 80 na tura shi waje, kuma idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, sau 25 ake yi masa wannan naushi a kowace daƙiƙa. Fulogin da ke maƙale da ragowar tiredi biyu ko uku ba zai daɗe ba. Da farko za ka riƙa jin wata ƙara mai kama da ta salansar da ta huje, tare da warin fetur a ƙarƙashin bonet, daga nan wata rana ya yi tsalle ya fito, ya fasa kwayil ɗin da ke kansa mai ba shi wuta. Tun kafin ya fita ma yana ɓarna, saboda iskar wuta da ke tsiyaya ta gefensa tana zaizaye ramin da mazauninsa. Ga kuma batun zafi: mafi yawan zafin fulogi ta tiredi da mazauni yake bi ya shiga kan inji, ruwan lagireto ya kwashe. Idan bai zauna daram ba bakinsa yakan yi ja, ya riƙa kunna fetur kafin lokaci, kuma wannan yana iya huda fistan.

Sanin abin da ya cinye tiredin yana da amfani, domin shi zai hana a maimaita a sauran ramuka ukun. Fulogin 1ZZ kaurinsa milimita 14 ne, tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.25, tsawon wurin murɗawa kuma milimita 19, wato zagaye kusan 15 ke nan. Jikinsa ƙarfe ne, ramin kuwa alminiyam mai taushi, don haka duk rikicin da aka yi tsakaninsu alminiyam ne ke shan kashi. Abin da ya fi yawa shi ne a fara murɗa fulogin a karkace. Ramin Corolla yana can ƙasa cikin rijiya mai zurfi, ido ba ya ganin bakinsa, kuma idan yaron gareji ya ɗora racet tun daga murɗin farko ba zai ji lokacin da fulogin ya hau haƙoran da ba nasa ba. Sai ɗauri fiye da kima, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne ƙwarewa. Wanda ya taɓa yi ya san yadda abin yake a hannu: sufana tana ƙara nauyi, tana ƙara nauyi, sai kwatsam ta yi laushi, ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Rashin ɗauri sosai shi ma yana kai wa ga haka ta doguwar hanya, domin fulogin da ke motsi yana ta dukan haƙoran har su gaji. Akwai kuma kwance fulogi injin yana da zafi, lokacin da alminiyam ya fi rauni, da barin yashi ya faɗa cikin ramin, abin da ba a raina shi a ƙasar ƙura, da kuma sa fulogin da ya fi na asali tsawo, wanda haƙoransa na ƙasa suke leƙawa cikin silinda su tara gawayi, ranar kwancewa gawayin ya goge tiredin ramin tun daga ƙasa har sama. Wani lokaci ma laifin daga ƙira yake. Injinan Ford masu lita 4.6 da 5.4 da 6.8 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 sun yi suna a Amurka wajen tofar da fulogi, saboda zagaye kusan huɗu kacal ke riƙe da shi. Injinka ba ya cikin wannan sahu.

Mataki na farko na gyara shi ne a duba, kuma fulogin da aka zare shi ne babban shaida. Ka karɓe shi ka kai shi haske. Idan ka ga wani abu fari mai sheƙi, siriri kamar waya, ya naɗe a tsakanin haƙoransa, wanda za ka iya warwarewa da farce ya fito a murɗe, to tiredin kan injin ne ya biyo shi, kuma yawan zagayen da ka ƙirga shi ne yawan abin da ka rasa. Daga nan a haska ramin da tocila, ko ma a zura ƙaramar kyamarar nan da ake haɗawa da waya. Idan zagaye biyu ko uku na sama ne kawai suka tauye, na ƙasa suna nan lafiya, ba a bukatar bushi. Ana gyara su da ƙarfen daidaita tiredi, wanda ba ya yanka sabo sai dai ya miƙe wanda ya lanƙwashe. Mafi kyau a wannan aiki shi ne irin wanda ake zurawa a tsuke ya wuce wurin da ya lalace, a buɗe shi a ƙasa inda tiredin yake da lafiya, sannan a murɗo shi zuwa sama, domin ta haka yana bin sawun asali, kuma dattin waje yake turowa. Amma kai ka ce fulogin yana juyawa a banza. Wannan yana nufin mafi yawan haƙoran sun tafi, kuma babu ƙarfen da zai dawo da naman alminiyam ɗin da ya riga ya fita.

A daidai nan ne ake kawo dabaru iri-iri, kuma ina roƙonka kada ka yarda da ko ɗaya. Naɗa wa fulogi farin tef na masu aikin famfo, ko cusa zaren wayar lantarki a gefensa, ko shafa masa gam mai daskarewa, duk suna iya sa ya yi kamar ya kama a tsakar gareji, amma babu wanda zai jure matsi da zafin da na ambata. Ban da haka, wutar fulogi ta jikinsa take komawa cikin inji, don haka duk abin da ya shiga tsakanin ƙarfensa da kan injin yana raunana ta. Faɗaɗa ramin a sa fulogi mai kaurin milimita 18 shi ma ɓarna ce, domin ba za a samu mai tsawo da yanayin zafi irin na motarka ba, kuma an cinye naman da gyaran gaskiya yake bukata.

Gyaran gaskiya shi ne a faɗaɗa ramin kaɗan, zuwa kusan milimita 16, a yanka masa sabon tiredi, sannan a murɗa wani abu a ciki wanda zai mayar da shi milimita 14 kamar da. Wannan abu iri biyu ne. Na farko waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe kamar sifirin, wadda aka fi sani da sunan Helicoil. Tana da araha, ba ta cin nama da yawa, kuma a ramin noti na yau da kullum ba ni da abin cewa a kanta. Har injinan ƙananan jiragen sama na Lycoming da irinta suke fitowa a ramin fulogi tun daga kamfani, sai dai tasu ta musamman ce mai haƙoran kamawa, kuma da kayan aiki na musamman ake sa ta. Wadda ake samu a kasuwa kuwa tana da matsaloli a wannan wuri. Fulogi abu ne da ake kwancewa ana mayarwa, kuma sau da yawa bakin wayar na sama yakan kama shi ta biyo shi waje, ko ta warware rabi a ciki rabi a waje. Sannan tana da ɗan ƙarfe a ƙasanta da ake murɗa ta da shi, wanda dole a karya bayan an gama, kuma idan ana aikin a jikin mota babu inda zai faɗa sai kan fistan.

Na biyun bushi ne dunƙulalle, ƙarfe guda mai tiredi ciki da waje, kuma shi nake ba ka shawara. Wanda ya fi suna shi ne Time-Sert. Yana da ɗan leɓe a sama da ke hana shi zarcewa cikin silinda, kuma haƙoransa na ƙasa ba a gama yanka su ba, don haka idan aka murɗa ƙarfen sa shi ya ratsa, sai ya buɗe gindin bushin ya danne shi a jikin alminiyam yadda ba zai juyo ba. Akwai wani samfurin da ake kira Sav-A-Thread, wanda shi a sama yake da kaushi, ana ɗora masa ƙarfe a buga da guduma ya buɗe ya kama. Shi ma yana aiki, ko da yake na fi natsuwa da mai kullewa a ƙasa, saboda bugun guduma a cikin rijiya mai zurfi ba kullum yake sauka daidai ba.

Ko wanne aka zaɓa, tsawonsa da mazauninsa su ne ke raba aikin kirki da aikin banza. Bushin da za a sa maka na fulogi mai tsawon milimita 19 ne, kuma shi kansa yakan ɗan gaza haka kaɗan domin ƙasansa ya tsaya daidai da rufin silinda. Idan ya yi tsawo ya leƙa ciki, bakinsa siriri zai yi ja ya zama wani fulogin da ba shi da lokaci. Idan ya yi gajarta, haƙoran fulogin na ƙasa za su zauna a fili su tara gawayi, ranar kwancewa su fito da bushin gaba ɗaya. Shi ya sa ba a sayen bushi da sunan "na Corolla" kawai. Corolla mai injin 2ZR, wadda ta biyo bayan taka, fuloginta siriri ne, milimita 12, tsawonsa kuma 26.5, babu abin da ya haɗa su. A tafi da tsohon fulogin a auna. Mazauni kuma iri biyu ne, akwai shimfiɗaɗɗe wanda fulogi yake zama a kai da washa, irin naka, akwai kuma mai gangare wanda ba shi da washa, irin na motocin Ford da yawa. Bushin wannan ba ya yi wa wancan.

Yanzu ga batun da kanikawanka biyu suka saɓa a kai. Taf ɗin da ke zuwa da irin wannan kayan gyara, wato ƙarfen yanka tiredi, hawa-hawa yake: bakinsa milimita 14 ne, yana bin ragowar tsohon tiredi ya ja sauran jikinsa a miƙe, tsakiyarsa tana faɗaɗa ramin, bayansa kuma yana yanka sabon tiredin. Ma'ana, miƙewar aikin gaba ɗaya ta rataya ne a kan ragowar haƙoran da ke ƙasa. Idan akwai ko da zagaye uku ko huɗu da bakin taf ɗin zai kama, kuma bakaniken yana da cikakken saiti mai tsawon da zai kai ƙasan rijiyar, to a yi a jikin mota, babu laifi, kuma haka ake yi a ko'ina. Idan kuwa ramin ya zama sumul babu abin kamawa, ko fulogin ya riga ya yi tsalle ya fita ya bar ramin a wage, ko an ga alamar tsagewa, ko kuma harshen fulogin ko farin tangaran ɗinsa ya ɓace ba a san inda ya shiga ba, to a sauke kan. A kan tebur ana iya daidaita shi a ƙarƙashin inji a huda a miƙe, a ga ramin ta fuska biyu. Saukewar tana da tsada, domin za a kwance sarƙar taimin, a sa sabon gasket, a auna notocin kan a ga ko sun ƙara tsawo, a canza ruwa da baƙin mai, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan wata ƙofa ce ta sabon kuskure. Saboda haka ba na son a sauke kan da bai taɓa ba da matsala ba sai da dalili.

Ga gwajin da za ka yi wa wanda ya ce zai gama a jikin mota: ka ce ya nuna maka kayan. Idan ya fito da taf mai hawa-hawa, da ƙarfen gyara mazauni, da ƙarfen sa bushi, da bushin da ya yi daidai da fuloginka, ka ba shi aiki. Idan ya fito da diril da taf na gama-gari, ka yi masa godiya ka tafi.

Yadda aikin yake tafiya kuwa, injin ya kwana ya huce, a cire kan batir, a wanke rijiyar fulogin a busar da ita. Sannan a saita fistan, wanda mataki ne da masu gaggawa suke tsallakewa. Bakin taf ɗin yana leƙawa cikin silinda sosai, kuma a inji mai bawul 16 ramin fulogi yana tsakiyar bawul huɗu ne, don haka idan ɗaya a buɗe yake taf ɗin zai iya cin gefensa ko ya lanƙwasa shi, idan kuma fistan yana sama zai tokare shi. Ana juya injin da hannu ta notin fulin ƙasa, ana saurare da tiyo a bakin ramin har a ji iska tana hurowa, alamar fistan yana hawowa bawul duk a rufe. Idan ya kai ƙololuwa sai a ƙara kwatan zagaye. A 1ZZ, wanda fistansa yake tafiyar milimita 91.5, wannan zai saukar da shi kusan santimita 5, bawul kuma suna nan a rufe. Kada a zarce da yawa, domin bawul ɗin hayaƙi yana fara buɗewa tun kafin fistan ya kai ƙasa.

Sai a cika kwaroron taf ɗin da giris mai kauri, a fara murɗa shi da yatsu har a tabbatar ya kama tsohon sawu, sannan a ɗora hannun murɗawa. Da hannu ake yi, ba da bindigar iska ba. Idan aka yi zagaye biyu ko uku sai a dawo da shi waje gaba ɗaya. Za ka ga giris ɗin ya koma ruwan toka, cike da ɓarɓashin alminiyam masu walƙiya, waɗansu a lanƙwashe kamar yankan farce. A goge tas, a sake cikawa, a koma. Wanda ya yi ƙyuya ya ce zai ratsa a tafiya ɗaya, kwaroron zai cika ya tumbatsa, ragowar kuma cikin silinda za ta zube. Idan taf ɗin ya kai zurfin da aka ƙayyade, a saitin Time-Sert ba a cire shi tukuna. Ana zura ƙarfen gyara mazauni ta kansa, shi ya zama jagora, a share mazaunin har ya yi sheƙi a zagaye ba tare da tabo ba, a kuma yanka ɗan gurbin da leɓen bushin zai kwanta. Hikimar ita ce mazaunin ya daidaita da sabon tiredin, domin idan suka saɓa ko kaɗan washar fulogin gefe ɗaya za ta danne, ɗaya gefen ya riƙa shan iska.

Komai kulawar da aka yi, wani abu zai faɗa ciki, don haka tsabtacewa ba zaɓi ba ce. Maganaɗisu ba ya ɗaukar alminiyam, kada a ɓata lokaci da shi. Ana ɗaura siririn tiyo a bakin injin zuƙar ƙura a zagaya da shi kan fistan, sannan a zura dogon bakin kwamfuresa har ƙasa a hura, iskar ta kwaso abin da ya rage ta fito da shi ta ramin. Bayan haka a cire fis ɗin famfon fetur da wayoyin kwayil, a mayar da batir, a buga sitata na 'yan daƙiƙu ramin yana buɗe, ba tare da kowa ya sa fuskarsa a kai ba. In da kyamara a sake leƙawa. Ɗan ƙurar alminiyam da ta rage ba ta cika yin illa ba, tana da taushi kuma takan bi hayaƙi ta fita. Abin tsoro shi ne guntun ƙarfe ko tangaran ko yashi, waɗanda suke karce jikin silinda ko su maƙale a bakin bawul.

Daga nan a wanke sabon tiredin da abin wanke birki don giris ya fita, a bari ya bushe, a ɗiga ɗan mai a ƙarfen sa bushi, a murɗa bushin har leɓensa ya kwanta. Ana ci gaba da murɗawa za a ji ƙarfen ya yi tauri, wato ya iso haƙoran ƙasa yana buɗe su, sannan ya saki ya yi sauƙi. Sai an ji wannan sakin ne bushin ya kulle, kuma wanda ya tsaya a wurin taurin yana tsoron kada ya ɓata, ya bar aikin a rabi. Game da gam ɗin kulle tiredi, a bi abin da takardar saitin ta ce, domin waɗansu suna bukata waɗansu ba sa bukata, kuma in za a sa, a bayan bushin kawai, kada ya taɓa cikinsa. Idan an gama a sa sabon fulogi, a auna matsin silindar a kwatanta da na sauran ukun, a tayar da motar a saurara.

Bakaniken da ya ce a kai wa masu aikin ƙarfe bai yi kuskure ba, amma ka san abin da za ka tambaya a can. Abin da aka saba shi ne su sassaƙa bushi da kansu daga tagulla ko ƙarfe, kuma a hannun gwani wannan yana riƙewa shekaru, musamman a tsofaffin injina irin na Fijo 504 masu bawul biyu a kowace silinda, inda akwai nama isasshe a kewayen ramin. A kan injinka wurin a matse yake. Bushin hannu yakan fi na kamfani kauri, sau da yawa sai an faɗaɗa ramin zuwa milimita 18, kuma hakan yana kusantar da shi ga mazaunin bawul da hanyar ruwa, inda tsagewa take farawa. Ka tambaye su kaurin da za su huda, da yadda za su kulle bushin kada ya biyo fulogi, da kuma ko za su share ƙasansa ya yi daidai da rufin silinda. Idan za ka iya samo bushin kamfani ka kai musu su sa a kan injinsu, ka haɗa alheri biyu. Cike ramin da walda a sake hudawa kuwa magani ne na ƙarshe, don zafin walda yana iya karkatar da kan ko ya sassauta mazaunin bawul, sai an bi shi da wani aikin.

Sayen wani kan yana zama dole ne idan tsagewa ta tashi daga ramin fulogi ta kai mazaunin bawul ko hanyar ruwa, ko kuma an taɓa yin gyaran an sake yi har babu naman da ya rage. Idan ta kai ga haka, ka tuna cewa na Beljiyam da za ka samo a Ƙofar Ruwa ko Panteka shi ma yana da tarihinsa da ba ka sani ba. A leƙa ramukan fuloginsa huɗu a ga ko akwai bushi a ciki, a ɗora masa ƙarfen awo a ga ko fuskarsa a miƙe take, domin Toyota ba ta yarda karkatar ta wuce milimita 0.05 ba, a kuma duba ko tsatsa ta ci bakin hanyoyin ruwansa.

Abin da ya rage shi ne yadda za a riƙa ɗaura fulogi daga yanzu, a wannan rami da sauran. Injin ya kasance a huce, kuma a hure rijiyar kafin a zare tsohon. Idan tsohon ya yi gardama, kamar yadda fulogai masu bakin ƙarfen iridiyam suke yi saboda daɗewar da suke yi a ciki, a sassauta shi kwatan zagaye, a zuba man sassauta tsatsa, a jira, sannan a riƙa kai shi ana dawo da shi a hankali. Sabon kuma a cusa kansa a guntun tiyon roba a fara murɗa shi da shi, domin idan ya karkace tiyon zai zame kafin ya yi ɓarna. Ya kamata ya tafi da yatsu har washarsa ta taɓa mazauni, in ya tsaya a zagaye na biyu ko na uku a dawo da shi a sake. Kamfanin NGK mai ƙera fulogi ya ba da ƙarfin ɗauri na Nm 25 zuwa 30 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sufanar awo) ga fulogi mai milimita 14 da washa a kan alminiyam, da Nm 15 zuwa 20 ga mai milimita 12, amma idan littafin motar ya faɗi wani adadi shi za a bi. Inda babu sufanar awo, sabon fulogi irin naka ana ƙara masa rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku bayan ya taɓa, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa washarsa ta riga ta kwanta, kashi ɗaya cikin 12 na zagaye ya ishe shi. Kada a shafa wa tiredinsa giris ko baƙin mai, saboda fulogan NGK da Denso suna zuwa da rufin da ke hana su kamawa, kuma santsin yana sa a wuce kima sufana tana nuna daidai. A kuma kula da jabu, waɗanda suka cika kasuwa da sunan waɗannan kamfanoni biyu, don tiredinsu yakan zo da kaushi.

Ka rubuta a wani wuri cewa silinda ta uku tana da bushi, ka kuma gaya wa duk wanda zai taɓa fulogin nan gaba. A kwancewar farko a duba jikin fulogin da ya fito. Idan bushin ya biyo shi, kada a mayar da shi haka nan a ɗaure, domin tiredin da ke riƙe da shi ya riga ya sassauta. Akwai bushi mai ƙarin kauri da ake kira Big-Sert, wanda aka yi domin ramin da aka taɓa gyarawa, kuma a wannan karon ya fi kyau a sauke kan a sa shi a kan tebur.